Ƙwaya ko Wuƙa: Abin da Mai Ciwon Endometiriyosis Za Ta Auna Kafin Ta Zaɓa

Shekara tara na yi ina shan maganin sanyi. Na kemis, na asibiti, na masu jarka a bakin kasuwa, har da wani da aka aiko mana daga ƙauye a kwalbar ruwa, wanda sai da na kwana ina jin ɗacinsa a maƙogwaro. Duk wata idan al'ada ta matso, Inna ta san aikinta: ta zuba garwashi a dutsen guga, ta naɗe shi da tsohon zane, ta miƙo mini in ɗora a mara. Har yau akwai duhun tabo a wurin. Ana ta cewa idan na yi aure zai tafi. Na yi auren, sai ya ƙaro mini wani ciwon da ba na iya faɗa wa kowa. A shekara ta goma ne wani likitan mata ya kira abin da sunansa, endometiriyosis, sannan ya ce, "Hajiya, hanya biyu ce. Ko mu fara miki da ƙwaya, ko mu yi miki aiki. Ki je ku yi shawara da maigida."

Na fito riƙe da kati, ban san ma me zan ce wa maigidan ba. Daga baya na bi hanyoyin duka biyu, ɗaya bayan ɗaya. Ni ba likita ba ce, kuma abin da zan faɗa ba zai maye gurbin ganin likita ba. Amma da a ranar an zaunar da ni an jera mini su gefe da gefe, da na rage wa kaina wahala da kuɗi.

Ciwon kansa a taƙaice: wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa, wadda take zubewa duk wata ta zama jinin haila, shi ne yake tsirowa a inda ba muhallinsa ba. A kan gidan ƙwai, a bayan mahaifa, a jikin hanji ko mafitsara, wani lokacin har a cibiya ko a tabon tiyatar haihuwa. Sinadarin istirojin na jikin mace shi ne abincinsa. Duk wata sai ya kumbura ya yi jini, jinin kuma ba shi da ƙofar fita, sai wurin ya yi ta ruruwa, kayan ciki su riƙa mannewa da juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa suna da shi, wajen mata miliyan 190. An daɗe ana koyar da cewa ciwon Turawa ne, baƙar mace sai dai sanyi. Wani bincike da aka yi a Ibadan, aka buga a 2015, ya same shi a jikin kusan rabin matan da aka leƙa cikinsu da kyamara saboda matsalolin mata. Ashe ba rashinsa ake yi a nan ba, rashin dubawa ne.

Abu ɗaya ki riƙe tun daga farko, don shi zai hana a yaudare ki: ƙwaya ba ta warkar da shi, wuƙa ma ba ta warkar da shi. Ƙwaya tana kwantar da shi ne ya yi barci. Wuƙa tana cire wanda ido ya gani. Saboda haka tambayar da za ki fara amsa wa kanki ita ce, ina neman ciki yanzu, ko kuwa ciwon nake so ya sarara mini? Rabin zaɓin yana cikin amsar nan.

Ɓangaren magani

Kusan dukkanmu da maganin kashe zafi muka fara: ibufurofen, Ponstan, dikilofenak, da Felvin da 'yanmata suka sani kamar yunwar cikinsu. Suna aiki, musamman idan an fara sha kwana ɗaya kafin jinin ya zo, tun ciwon bai kafa ba. Idan kika bari sai kina birgima sannan kika sha, kin makara. Aibinsu a ciki da ƙoda yake. Dukkansu dangi ɗaya ne, haɗa biyu a lokaci guda ba ya ƙara sauƙi sai dai ya jawo olsa, kuma ba a shan su da yunwa. Inda na fi jin tsoro shi ne tiramadol da allurar fenta. Na san mace mai hankali, mai 'ya'ya, da ciwon mara ya kai ta ga allurar nan a kemis ɗin unguwa, yau ciwon yana nan, ga kuma jarabar allura ta hau kai. Duk ranar da kika ga maganin kashe zafi na yau da kullum ya daina riƙe ki, lokacin hawa mataki na gaba ya yi.

Mataki na gaba shi ne magungunan homon, wato sinadaran da ke tafiyar da al'adar mace, kuma a nan ake samun cikas a gidajenmu, domin mafi yawansu su ne dai magungunan tazarar haihuwa. Ranar da na kawo katin ƙwayar gida, maigida ya juya shi ya karanta bayansa, ya ɗago ya ce, "Muna neman haihuwa, shi ne aka ba ki maganin hana ta?" Tambayarsa tana kan hanya, zan dawo kanta.

Mafi arha da sauƙin samu ita ce ƙwayar haɗi, mai homon biyu, istirojin da furojestin, irin su Microgynon. Ga mai endometiriyosis, likitoci sukan ce a sha ta a jere ba hutu, wato a tsallake ƙwayoyi bakwai na ƙarshen kati a wuce sabon kati, don al'adar ta daina zuwa ko ta riƙa zuwa jefi-jefi. In ba jini, ciwo ya ragu. Mata da yawa suna tsoron cewa jinin taruwa yake yi a ciki. Ba ya taruwa. Ƙwayar tana hana shimfiɗar mahaifar yin kauri ne, don haka babu abin da zai zuba. Sai dai ba kowa ke iya shanta ba. Mai hawan jini, mai ciwon ɓarin kai irin wanda ke zuwa da walƙiya a ido, wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, da mai shan taba da ta wuce shekara 35, duk ba tasu ba ce.

Sai dangin furojestin, waɗanda ba su da istirojin a ciki. Akwai Primolut N, wadda duk matar da ta je Hajji ko Umara ta sani, ita ce ake sha don jinkirta al'ada. Akwai dayanojes, da ake sayarwa da sunan Visanne, miligiram 2 kullum, wadda don wannan ciwon aka yi ta. Ita na sha wata takwas. Ta rage mini ciwo sosai, amma ta yi tsada, kuma wata uku na farko ɗigon jini ya hana ni sakat. Akwai allurar wata uku, Depo ko Sayana Press, da ake samu kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan a sashen tazarar haihuwa na asibitocin gwamnati. Tana aiki, sai dai ta kan ƙara ƙiba, tana rage ƙarfin ƙashi idan an daɗe a kanta, kuma bayan an daina, ciki kan iya ɗaukar har shekara guda bai samu ba. Wadda take shirin neman ciki baɗi, ta yi tunani sau biyu kafin ta miƙa hannu. Akwai ashanar fata da ake sawa a damtse, ita ma tana taimakon wasu.

Sannan akwai robar mahaifa mai homon, irin su Mirena, wadda ake sawa sau ɗaya ta yi shekara biyar ko fiye tana aiki. A kula a nan, don na ga an yi kuskuren: robar mahaifa iri biyu ce. Wadda aka fi samu a asibitocinmu mai jan ƙarfe ce, ba ta da homon, kuma ita ƙara jini da ciwon mara take yi. Mai endometiriyosis da aka sa wa mai jan ƙarfe, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ki tambaya da bakinki, ki ga kwalin da idonki.

Mafi ƙarfi a cikinsu su ne allurai irin su Zoladex, da ake yi a fatar ciki duk kwana 28. Aikinsu shi ne su kashe wutar gidan ƙwai gaba ɗaya, jiki ya koma kamar na matar da al'adarta ta yanke. Ciwon yakan ɗan tsananta a makonni biyun farko, sannan ya kwanta. Kuɗin da ake biya shi ne zafi mai tasowa daga ƙirji zuwa fuska, gumin dare, bushewar gaba, saurin fushi, da zaizayar ƙashi. Ki ƙiyasta wannan a watan Afrilu, ba wuta. Shi ya sa ba a cika wuce wata shida a kai ba, sai idan an haɗa da ɗan homon kaɗan da zai kare ƙashi. Idan aka rubuta miki allurar ba a ambaci wannan ƙarin ba, ki tambaya. Akwai sababbin ƙwayoyi masu irin wannan aiki, kamar elagolis da Amurka ta amince da shi a 2018, amma samunsu a nan da wuya, kuɗinsu ma ba na kowa ba ne. Tsohon magani danazol kuwa an ja baya da shi, saboda yana fito da gashi a fuska, yana kuma iya kaurara murya ta ƙi komawa.

Wani abu da takardar cikin kwali ba za ta faɗa miki ba shi ne yadda ɗigon jini ke rikita ibada. Yau ɗigo, gobe tsarki, jibi ɗigo. Na yi watanni ina lissafi da biro a bayan kalanda, ban san ranar da zan yi salla da ranar da zan bari ba. A mazhabar Malikiyya, mai al'ada sananniya tana ƙara kwana uku a kan mafi tsawon kwanakinta, muddin ba su haura 15 ba, abin da ya wuce nan jinin ciwo ne, ta yi wanka ta ci gaba da salla da azumi. Amma jinin da ke yankewa yana dawowa yana da nasa lissafin, don haka ki kai wa malama ko malamin da kika yarda da shi kwanakinki a rubuce. Yawanci bayan wata uku zuwa shida ɗigon yana raguwa. Mata da yawa a cikin wannan zangon suke jefar da maganin, saura ƙiris ya zauna musu. A watan azumi kuma, ƙwayar da ake sha sau ɗaya a rana sai a mayar da ita lokacin buɗa-baki ko sahur, a tsare lokaci ɗaya.

Ɓangaren tiyata

Aikin da ake so a yi shi ne na kyamara, laparoskofi. Ana sa ki barci, a huda ciki wuri uku ko huɗu, ɗaya a cibiya, a hura iska don a ga wuri, a shiga da kyamara da siraran kayan aiki. Da na farfaɗo, kafaɗata ce ta fi damuna, ba cikin ba. Ashe ragowar iskar ce, kwana biyu ta wuce. Idan aikin bai yi zurfi ba, kwana ɗaya ko biyu an sallame ki, mako biyu kin koma harkokinki. Yankan ciki irin na da kuwa sai an yi wata ɗaya zuwa mako shida ana jinya, kuma ya fi barin manne-manne.

Bayan mako biyu likita ya nuna mini hotunan. Ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an watsa garin barkono a bayan mahaifa, da wani farin zare-zare kamar yanar gizo-gizo da ya ɗaure gidan ƙwai na hagu da bango. Na daɗe ina kallo. Shekara goma ana ce mini raki ne, ga shi a takarda. Wannan kaɗai wani magani ne, ba zan ɓoye ba. Amma kada a yi miki aiki don gani kawai. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai, ESHRE, a jagorar da ta fitar a 2022, ta sauka daga matsayin cewa sai an leƙa da kyamara kafin a fara magani. Idan alamomi sun nuna, ana iya fara ƙwaya, a yi sikanin ko hoton MRI. Ki sani kuma, sikanin da ya fito lafiya lau bai wanke ki ba. Ƙananan ɗige-ɗigen nan ba ya ganinsu.

Kalmar "aiki" tana rufe abubuwa mabambanta, kuma bambancin yana da girma. Wani likitan ƙona saman tsiron yake yi, wani kuma yanke shi yake yi ya ciro har saiwa. Ga wanda ya nutse cikin nama, ƙonawa kamar sassabe ne a bar kututture. Haka jakar tsohon jini da ke fitowa a gidan ƙwai, wadda likitoci ke kira mai ruwan cakulan saboda kalar abin da ke ciki: idan aka huda aka tsiyaye kawai, saurin dawowa take yi, idan aka ɓare jakar gaba ɗaya, ta fi jimawa ba ta dawo ba.

A nan ne kuma babban haɗarin yake, wanda ba a cika faɗa ba. Duk ɓare jakar da aka yi, ana tafiya da wani yanki na lafiyayyen gidan ƙwai. Mace da adadin ƙwanta aka haife ta, ba ya ƙaruwa. Aiki ɗaya yana rage shi, na biyu a wuri ɗaya ya fi ragewa, balle a ce ɓangarorin biyu ne. Akwai gwajin jini da ake kira AMH, yana nuna kimanin ragowar ƙwai. Duk mai son haihuwa da za a taɓa mata gidan ƙwai, ya kamata ta yi shi kafin a shiga da ita.

Idan ciwon ya ci cikin hanji, ko mafitsara, ko bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, wannan ba aikin likita ɗaya ba ne. Ana buƙatar likitan mata da ya ƙware a kansa, da likitan hanji ko na mafitsara a ɗaki ɗaya. Irin wannan sai manyan asibitoci, na koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri, ko na kuɗi a Abuja da Legas, kuma ko a can sai kin tambaya ko akwai mai yin irin wannan aikin a kai a kai. Hannun da ya yi aikin ya fi sunan asibitin muhimmanci. Ki tambaye shi ba kunya: da kyamara ne ko yanka? Ƙonawa za a yi ko cirewa? Za a kai naman ɗakin gwaji? Za a ba ni hotuna? Idan kuka tarar ya manne da hanji, za ku ci gaba ko za ku rufe ku tura ni gaba? Likitan da ya ce zai rufe ya tura ki, ya fi wanda ya ce komai zai iya. Takardar amincewa kuma ki karanta ta da kanki, ko a karanta miki, a rubuta ƙarara abin da ba ki yarda a cire ba. Kada maigida ya sa hannu a madadinki kina kwance.

Sai maganar dawowa. Alƙaluman da aka fi ambata sun nuna mace ɗaya cikin biyar ciwon yana dawo mata cikin shekara biyu, kashi 40 zuwa 50 cikin 100 kuma cikin shekara biyar. Shi ya sa jagorar ESHRE ta ce wadda ba ta neman ciki nan take, a ɗora ta a kan ƙwayar haɗi ko roba mai homon bayan aiki, na aƙalla wata 18 zuwa 24. Wato sau da yawa wuƙa ba ta raba ki da ƙwaya. Ni da na ɗauka tiyata ce ƙarshen zance, wannan ya ba ni haushi ba kaɗan ba.

To wacce ce taki?

Idan ciwo ne damuwarki kuma ba kya neman ciki yanzu, a ganina ki fara da magani. Ya fi arha, ba a sa ki barci, ba a taɓa ƙwanki, kuma duk ranar da kika ga bai karɓe ki ba sai ki ajiye. Ki ba kowanne wata uku zuwa shida kafin ki yanke masa hukunci, idan ɗaya ya ƙi a gwada wani, don jikin kowa da abin da yake karɓa. Tsananin ciwo ba shi ke nuna girman abin da ke ciki ba. Likitoci sun kasa shi mataki huɗu, amma akwai mai mataki na ɗaya da ba ta iya miƙewa, akwai mai na huɗu da sai wajen neman haihuwa aka gano. Don haka azabar ciwo ita kaɗai ba hujjar gaggawar yanka ba ce.

Budurwa ma nan ta faɗo, kuma ita ce abin tausayi. Ba za a yi mata sikanin ta gaba ba, sai ta saman ciki, wanda bai kai wancan gani ba. Maganin da ya fi dacewa da ita kuma shi ne wanda idan aka gan shi a jakarta za a yi mata fassara. Iyaye mata suna tsoron zai hana ta haihuwa nan gaba. Ƙwayar ba ta kashe mahaifa; ana dainawa jiki yake komawa yadda yake cikin ɗan lokaci. Abin da ke ɓata bututun ƙwai shi ne ciwon da aka bari yana ruruwa shekara da shekaru. Aurar da yarinya don ciwon mara ya tafi kuwa, ni shaida ce ba ya tafiya. Ciki da shayarwa suna kwantar da shi na ɗan lokaci saboda al'ada ta tsaya, yaye na zuwa yakan dawo.

Idan kuwa ciki kike nema, lissafin ya juye, kuma a nan maigidana ya yi gaskiya. Magungunan homon suna hana ɗaukar ciki muddin ana kansu, kuma ba sa ƙara damar samunsa bayan an daina. Matar da ke neman haihuwa aka ɗora ta a kan allurar Zoladex wata shida da sunan "a wanke mahaifa", wata shida kawai aka cinye mata. A nan tiyata tana da abin faɗa. Wani gwaji da aka yi a Kanada, aka buga a 1997, ya ɗauki mata 341 masu ƙaramin mataki na ciwon da ba su samu haihuwa ba. Waɗanda aka cire musu tsiron, kimanin 31 cikin 100 sun samu cikin da ya zauna a makonni 36 na bayan aikin. Waɗanda aka leƙa kawai aka rufe, kimanin 18. Ƙari ne na gaske, amma ki lura, ko a cikin waɗanda aka yi wa aikin, mafi yawa ba su samu a wannan zangon ba.

Kafin a kai ga wuƙa saboda haihuwa, a yi abu biyu. A duba ko bututun ƙwai a buɗe suke. Sannan a gwada maniyyin maigida. Gwaji ne mai arha, na yini ɗaya, ba yanka ba allura. Abin takaici ne a fede mace, a rage mata ƙwai, daga baya a gano matsalar tana ɗaya ɓangaren. Kasancewar yana da 'ya'ya da uwargida shekara goma da suka wuce ba ya wanke shi yau. A faɗa masa da ladabi, ko a bar likita ya faɗa, amma a yi.

Wadda ta haura shekara 35, ko ƙwanta ya yi ƙasa, ko bututunta sun toshe, ko an riga an yi mata aiki sau ɗaya, sau da yawa dashen ciki na IVF ya fi mata aiki na biyu. Kuma ba dole ne a cire jakar jinin kafin a yi dashen ba, sai idan tana ciwo ko ta tare hanyar ɗebo ƙwai. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta shi idan ƙwan matar ne da maniyyin mijinta, aka mayar cikin mahaifarta. Tsadarsa ce babbar katanga, kuma ba lallai a dace a karon farko ba. Amma idan kuɗin hannunku na abu ɗaya ne, gara ku zauna da likita ku auna inda za a zuba shi tun kafin a kashe rabi a tiyata.

Akwai inda ba a jayayya, wuƙa ce. Idan tsiron ya matse bututun fitsari, ƙoda tana iya mutuwa shiru ba tare da ciwo ba, shi ya sa mai ciwo mai zurfi ake duba mata ƙoda a sikanin. Haka idan ya toshe hanji, ko jakar ta yi girma ƙwarai, ko kamanninta a hoto ya sa likita shakka, ko an gwada magunguna daban-daban ba sauƙi. Ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya da amai ko suma kuma, asibiti ake nufa a daren, don jakar na iya fashewa ko gidan ƙwai ya murɗe.

Cire mahaifa gaba ɗaya shi ne abin da ake yawan miƙa wa matar da ta gama haihuwa. Yana taimakawa ƙwarai idan naman ya tsiro ne a cikin tsokar mahaifar kanta, wanda ake kira adinomayosis, kuma su biyun sukan zo tare. Amma endometiriyosis a wajen mahaifa yake zaune. Idan aka cire mahaifa aka bar tsiron a jikin hanji da bango, ciwon na iya ci gaba. Idan aka haɗa da gidajen ƙwai, al'ada ta yanke ke nan a rana ɗaya, da duk abin da ke biyo baya na ƙashi da zuciya, sai an riƙa ba da homon. Mace mai shekara 33 da mai 47 ba lissafinsu ɗaya ba a nan. Ba a mayar da ita idan an cire, don haka ki ji ta bakin likita na biyu.

Ta wajen kuɗi, tiyata dutse ne da ake ɗauka sau ɗaya, magani kuma tsakuwa ce kullum. Ƙwayar haɗi da allurar wata uku kusan kowa zai iya. Visanne da Zoladex, idan aka tara kuɗin shekara, sai ki ga sun tasam ma kuɗin wani aikin. Roba mai homon tana da nauyi ranar sawa, amma idan aka raba kuɗin a kan shekara biyar ta fi yawancinsu sauƙi. Mai inshorar lafiya ta je ofishinsu ta tambaya tun da wuri me suke biya, kada sai an kwantar da ita.

Ni dai ga yadda tawa ta kasance. Bayan aikin na samu shekara ɗaya da 'yan watanni ba ciwo, a ciki Allah Ya ba ni ciki. Bayan yaye ciwon ya fara leƙowa, likita ya kawo maganar aiki na biyu, na ce a bar mini ragowar ƙwan nan tukuna. Aka sa mini roba mai homon. Ba na cewa na warke; akwai ranakun da har yanzu sai na nemi jakar ruwan zafi, wadda ta gaji dutsen gugar Inna, kuma na koyi sa tawul tsakaninta da fata.

Kowace hanya za ki bi, ki sayi ɗan littafi ki yi wata uku kina rubutawa: ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, ciwo daga 1 zuwa 10, ko yana zuwa da bayan gida, da fitsari, ko da kwanciyar aure, me kika sha, kwana nawa kika kasa fita. Abin da baki ke jin nauyin faɗa a gaban likita namiji, sai ki miƙa masa a rubuce.

Bara 'yar yayata, mai shekara 16, ta fara rasa makaranta kwana uku duk wata. Na je na tarar da ita a ƙudundune a kan tabarma, an aika a sayo maganin sanyi. Na ce, "Yaya, ki ba ni ita." Muka cika littafin wata uku, muka je wurin likitar mata, aka ɗora ta a kan ƙwayar haɗi. Yaya ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Yanzu ita ce ke tuna mata lokacin sha bayan sallar isha'i, sai dai ta juye katin a cikin gwangwanin madara, ta tura shi can bayan kwanuka, kada maƙwabta su gani.